Bashin ƙanena ya ɓata mini suna a banki, maigida kuma bai sani ba

Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce, ina da aure da yara biyu. Shekara uku da suka wuce ƙanena ya so sayen motar haya, banki ya ƙi ba shi rance saboda ba shi da albashi. Ummanmu ta sa baki, na karɓi rancen da sunana a kan shi zai riƙa biya duk wata. Ya biya na wata takwas, motar ta lalace, daga nan biya ya zama yau da gobe. Duk saƙon da banki ya turo mini sai in tura masa, ya ce zai ji da shi. Ban taɓa gaya wa maigidana ba. Watan jiya muka je neman rancen gida tare, aka hana mu, wai saboda rahoton bashina. Maigida ya ɗauka kuskure ne, yana ma shirin komawa ya yi musu faɗa. Na nemi rahoton a ɓoye, shafi shida, ban gane komai ba sai wata lamba da aka yi wa jan launi. Bashin motar yana ciki, akwai kuma wani ɗan bashin waya da na gama biya shekara biyu da suka wuce amma an rubuta har yanzu ana bina. Cikin ruɗewa na gwada manhajojin rance huɗu a mako guda, duk suka ƙi ni. Yanzu wani ya ce in biya shi ya goge mini sunan cikin mako biyu. Umma ta ce kar in tona wa ƙanena asiri. Anti, sunana ya ɓaci ke nan har abada?

Ƙanwarki mai neman mafita

Ƙanwata, sannu da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, tunda na san ita ce ke hana ki barci. A'a, sunanki bai ɓaci har abada ba. Amma fa ba zai wanku cikin mako biyu ba, kuma mutumin da ya yi miki wannan alkawari jakarki yake hange. Zan dawo kansa. Yanzu dai ɗauko shafukan nan shida, ki shimfiɗa su a gabanki, ki riƙe biro, mu bi su tare.

Abubuwa uku ne suka cakuɗe miki, kuma yawancin mutane haka suke cakuɗa su. Akwai rahoto, akwai maki, akwai hukuncin banki. Rahoton shi ne takardar da ke hannunki. Akwai kamfanoni da aikinsu kawai tara bayanan bashi: bankuna da sauran masu ba da rance suna aika musu labari, galibi duk wata, cewa wance ta karɓi kaza ranar kaza, ta biya na wannan watan ko ba ta biya ba. Su waɗannan kamfanoni ba sa ba da bashi, ba sa hana bashi. Magatakarda ne, abin da aka faɗa musu suke rubutawa. A Amurka da Birtaniya manyansu su ne Equifax da Experian da TransUnion. A Najeriya akwai CRC da FirstCentral da CreditRegistry, waɗanda Babban Banki ya ba lasisi. Abin lura a nan shi ne sun fi ɗaya, kuma ba kowane mai ba da rance ne ke kai labari wurin dukkansu ba. Don haka rahoton da ke hannunki na kamfani ɗaya ne. Ki nemi na sauran, domin kuskuren da ke nan yana iya kasancewa a can, ko kuma a can akwai wani da ba ki gani ba. Ba sai kin yi a ɓoye kamar mai sata ba, haƙƙinki ne. Dokar Najeriya ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, a Amurka ma yanzu ana iya duba shi kyauta kowane mako. Kuma duba rahotonki da kanki ba ya rage miki komai.

Lambar da aka yi wa ja kuwa, ita ce maki. Kwamfuta ce ke karanta rahoton ta matse shi ya zama lamba ɗaya, wadda ke hasashen abu guda tak: yaya yiwuwar wannan mutumin ya makara wajen biya nan gaba. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne makin FICO, na wani kamfanin Amurka mai wannan suna. Makin ya fara aiki a 1989, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kamfanin da kansa ya bayyana yadda yake raba nauyin. Kashi 35 cikin 100 na tarihin biya ne, wato ko kina biya a kan lokaci. Kashi 30 na yawan abin da ake binki ne. Kashi 15 na daɗewarki kina mu'amalar bashi, kashi 10 na sababbin neman rance, sauran 10 kuma na ire-iren bashin da kika taɓa riƙewa. Kowace ƙasa da kowane kamfani da nasa ma'aunin, lambobin ma ba iri ɗaya ba ne, amma duk inda kika je biya a kan lokaci da yawan bashi su ne manya. Ki duba abin da babu a lissafin: babu albashinki, babu abin da kika tara a asusu, babu shaidar maƙwabta cewa ke mutuniyar kirki ce. Babu kuma layin da aka tanada don a rubuta "ta yi ne don ƙanenta". Shi ya sa nake so ki daina kallon jan launin nan kamar an yanke hukunci a kan halinki. Lissafin kwanan wata ne kawai.

Na uku, hukuncin banki. Bankin da ya hana ku ya duba rahoton da makin, ya haɗa da nasa sharuɗɗan, kamar albashinku da yawan abin da zai rage muku bayan biyan wata. Babu wani baƙin littafi guda da aka jefa sunanki a ciki. Kowane mai ba da rance da nasa mizanin, kuma abin da ya hana a bana yana iya bayarwa baɗi idan takarda ta canza.

To, mu koma kan takardar. Shafin farko yawanci na bayananki ne: suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar shaida, lambar waya. Kar ki tsallake shi don kin ga kamar ba komai. Harafi ɗaya a suna ko adireshin da ba ki taɓa zama a ciki ba yana iya nuna an haɗa fayil ɗinki da na mai irin sunanki. Bayan shi sai jerin basussuka, kowanne da sunan mai bin bashi, ranar da aka buɗe, adadin farko, abin da ya rage, da wani layi na watanni da ke nuna wanda aka biya da wanda aka makara, yawanci a matakan kwana 30, 60, 90 zuwa sama. Can ƙarshe za ki ga jerin waɗanda suka nemi ganin rahotonki. A nan za ki tarar da manhajojin nan huɗu sun jeru, in dai suna cikin masu dubawa a wannan kamfanin.

Bari in gama da su da sauri, don su ne ƙaramin ciwo. Duk lokacin da kika nemi rance aka duba ki, ana barin sawu. Ɗaya ba ya yin wata babbar illa. Huɗu a mako guda kuwa, ga mai karanta takarda, kamar mutum ne ke bin ƙofa ƙofa yana ƙwanƙwasawa, dole a yi zaton wuta ce ta kama shi. A tsarin Amurka sawun yana zama shekara biyu a rahoto amma makin FICO na shekara ɗaya kawai yake lissafawa. Maganinsa ki daina. Kar ki ƙara gwada ko ɗaya don ki ga ko za a ƙi ki. Kin riga kin ga amsar.

Bashin wayar shi ne inda gaskiya ke gefenki, kuma irin wannan kuskuren ba baƙo ba ne. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta fitar da sakamakon wani bincike a 2013 da ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a ɗaya daga rahotanninsa, kuma kusan kashi 5 cikin 100 kuskuren ya kai girman da zai sa a tsawwala musu sharaɗin rance. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni. Na gama biyan wani ɗan rance, na jefa rasit ɗin cikin ambulan na manta. Da buƙatarsa ta taso bayan shekara biyu, na zaro shi na tarar da farar takarda fes, rubutun ya gudu, irin takardar injin nan ce da zafi ke cinye tawadarta. Sai da na koma na nemi takardar bayanan asusuna ta wancan watan, na ja layi a ƙarƙashin ranar da kuɗin suka fita, sannan aka saurare ni. Tun daga ranar duk rasit da ya shigo hannuna sai na ɗauki hotonsa.

Ke ma haka za ki yi. Ki tattara duk shaidar da kike da ita: saƙon cire kuɗi, takardar bayanan asusu, rasit in yana karantuwa. Ki rubuta wa wanda ya ba ki bashin wayar ki nemi takardar shaidar kammala biya, mai ɗauke da lambar bashin da kwanan wata. Sannan ki shigar da ƙorafi a rubuce wurin kamfanin da ya fitar da rahoton. Ki yi shi gajere: ga lambar bashi, ga abin da aka rubuta, ga abin da yake daidai, ga shaida. Kwafi za ki tura, na ainihi ya zauna a hannunki. Ki karɓi lambar ƙorafin ki rubuta ranar. Dalilin bin ɓangarorin biyu shi ne, kamfanin rahoto zai koma ya tambayi mai bin bashin ne, in shi bai gyara littafinsa ba, wata mai zuwa zai sake turo tsohon labarin. Doka tana ɗaure su da wa'adi, a Amurka kwana 30 ne a mafi yawan lokuta. In wa'adin ƙasarku ya cika ba a yi komai ba, sai ki kai ƙara wurin hukumar da ke sa ido a kan bankuna ko mai kare haƙƙin masu saye. Duk wannan ba ya buƙatar ɗan tsakiya.

Yanzu ga babban, kuma a nan zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Bashin motar naki ne. Na san ba ki taɓa riƙe sitiyarin ba, ban kuma ji kin ce an taɓa kawo miki ko sisi daga abin da motar ta samo ba. Amma ke kika sa hannu, kuma takarda sa hannu ta sani, ba ta san zumunci ba. Alkawarin da kuka yi a gaban Umma yana da nauyi a tsakaninku, a wurin banki kuwa babu shi. Ba ma tsaya masa kika yi ba, wanda aƙalla da sunansa ya fito tare da naki. Ke ce mai cin bashin daga farko har ƙarshe. Duk saƙon da kika tura wa ƙanenki kika ajiye waya, a littafin banki an rubuta an tuntuɓe ki kin yi shiru. Ba don in ƙara miki ciwo nake faɗa ba. Muddin kina kiransa "bashin ƙanena", za ki ci gaba da jiran wani ya kashe wutar da ke cin rufinki.

Wannan layin ba a goge shi da ƙorafi, domin gaskiya ne. Abin da ake yi masa shi ne a tsayar da jinin, sannan a bar lokaci ya yi aikinsa. Cikin makon nan ki je bankin da ƙafarki, ki nemi sashen da ke kula da basussukan da suka makara. Ki nemi a ba ki a rubuce: nawa ne uwar kuɗin da ta rage, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne tara, kuma ko bashin yana hannunsu har yanzu ko sun miƙa shi ga masu karɓar bashi. Ki shirya zuciyarki, adadin zai fi abin da ƙanenki ke faɗa miki. Daga nan akwai hanyoyi. Ana iya sake tsara biyan, a tsawaita lokaci a rage na wata zuwa abin da albashinki zai ɗauka. Ana iya roƙon a yafe tara ko wani ɓangare na ruwan idan za ki kawo wani abu dunƙule. Ana iya kuma sasantawa a kan ƙasa da abin da ake bi a rufe bashin. Wannan ta ƙarshen tana da daɗin ji, amma ki tambaya yadda za a rubuta ta, domin a wurare da dama rahoto zai nuna an biya wani ɓangare ne kawai, kuma mai ba da rancen gida yana bambanta wannan da wanda aka biya cif. Ni da za ki iya, na fi son sake tsari da cikakken biya. In ba zai yiwu ba, sasantawa ta fi barin sa a buɗe yana ruɓewa. Ko wacce kika zaɓa, kar ki ba da kuɗi a kan maganar baki. A rubuta, a sa hannu, a buga hatimi.

Kar ki ji tsoron za su kore ki. Banki ya fi son mai bashin da ya zo ya zauna a kan wanda ya ɓace, ko don bin ɓataccen ma kuɗi yake ci. Kuma jinkiri yana da nasa haɗarin da ya wuce rahoto. A Najeriya, alal misali, tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar cire bashin da ya makara daga asusun mai bashin da ke wasu bankuna, idan ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rance. A wasu ƙasashen kotu ake zuwa a riƙa yanka daga albashi. Ki duba takardar yarjejeniyarki ki ga abin da kika amince da shi, kar ki wayi gari ki tarar an share kuɗin makarantar yara.

Har yaushe tabon zai zauna? A Amurka yawancin munanan bayanai shekara bakwai suke yi su faɗi, a Birtaniya shekara shida daga ranar da aka ayyana bashin a matsayin wanda ya gagara. Kar adadin ya karya miki gwiwa. Tabon ba ya riƙe nauyinsa har ranar ƙarshe. Makarar da ta faru shekara uku baya, wadda aka biya aka rufe, kuma watanni masu tsabta suka biyo bayanta, ba ɗaya take da wadda ke ci gaba a yau ba. Abin da ya fi cutar da ke yanzu shi ne bashin a buɗe yake, kowane wata ana ƙara masa sabon jan layi.

To, maigida. Ƙanwata, wannan ya fi zuwa banki gaggawa. Mutumin nan yana ɗaura ɗamara zai je ya yi faɗa don kare mutuncinki, a kan abin da ke kin san gaskiya ne. Ki yi tunanin yana tsaye a gaban ma'aikacin banki yana ɗaga murya, a juyo masa da fuskar kwamfuta, ko a ce masa ya koma ya tambayi matarsa. Bashin zai iya yafewa, bashi hanji ne yana cikin kowa. Kunyar nan ita ce za ta daɗe. Ki gaya masa kafin ya taka ƙofar bankin, yau in zai yiwu, bayan yara sun kwanta. Kar ki fara da Umma ta ce, ko ƙanena ya yi. Ki fara da naki: na karɓi rance da sunana shekara uku da suka wuce, ban gaya maka ba, kuma shi ne ya hana mu gidan. Ki ajiye masa takardun. Zai yi fushi, yana da haƙƙin yi, domin shi ma ya yi shekaru yana tara buri a kan gidan nan. Ki bar shi ya yi, kar ki nemi ya yafe a daren. Idan ya huce akwai abin da zai ɗan sanyaya masa rai: aure ba ya haɗa rahoton mutum biyu, kowa da nasa fayil. Tabonki bai shafi nasa ba, ya taɓa shi ne kawai don kun nema tare. Saboda haka akwai zaɓin ya nemi rancen shi kaɗai, in albashinsa zai ɗauka, ko da gidan ya zama ƙarami. Sai dai in za ki zuba kuɗinki a gidan da rancensa ke sunansa shi kaɗai, ku rubuta rabon kowa tun farko. Kin riga kin ɗanɗana abin da rashin rubutu ke haifarwa. Ɗaya zaɓin ku jira shekara ɗaya ko biyu ku sake nema tare. Ku biyu za ku yanke wannan.

Umma kuwa, ban ga laifinta da yawa ba. Uwa ce ta ga ɗa ɗaya yana da albashi ɗaya ba shi da shi, ta so ta daidaita. Kuma ina kyautata zaton ba ta san akwai wata takarda da ke bin mutum daga banki zuwa banki ba. A ganinta magana ce ta cikin gida da za a rufe. Ki zauna da ita cikin ladabi ki nuna mata cewa asirin da take so a rufa ya riga ya fita, sai dai da sunanki ya fita. Ki ce mata ba kotu za ki kai shi ba, ba kuma shela za ki yi ba, amma mijinki dole ya sani tunda gidansa abin ya rusa. Ki roƙe ta abu guda: bakin da ta sa aka karɓi rancen, ta sa shi a biya.

Shi kuma ƙanen naki, ban ɗauke shi macuci ba. Wanda ya yi niyyar cuta ba ya biyan wata takwas. Na fi zaton kunya ce ta kama shi, yana cewa zai ji da shi don ba ya iya cewa ya kasa. Amma kunyarsa ke take ci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, sai dai ana kai shi wurin magani. Ku zauna da shi da wani babba da yake jin nauyinsa, ki karanta masa adadin da banki ya ba ki a rubuce. Sannan ki yi tambayar da ban ga kin yi ba a wasiƙarki: ina motar? Da sunan wa aka yi mata rajista? In tana nan a ajiye tana cin tsatsa, kowace rana darajarta raguwa take yi. Ko a gyara ta ta koma hanya a ware kaso na bashin, ko a sayar da ita a zuba kuɗin a banki. In motar ce jinginar rancen, kar a sayar sai da sanin bankin. Abin da ya rage a raba shi wata-wata daidai ƙarfinsa na gaskiya, ko kaɗan ne, a rubuta, shaidu su sa hannu. Kuma daga yau tsarin ya juya: shi zai riƙa turo miki, ke ki biya banki da hannunki. Ranar biya ta zo bai turo ba, ki biya daga naki ki bi shi daga baya. Na san da ciwo. Amma kowane wata da kika jira shi, a shafinki ake rubutawa.

Mai gogewa cikin mako biyu fa? Ga abin da zai iya yi. Ko ya rubuta ƙorafin da ke ma za ki iya rubutawa kyauta a kan bashin waya, ya karɓi kuɗinki. Ko ya yi ƙarya da sunanki, ya ce bashin motar ba naki ba ne ko an sace miki bayanai, abin ya ɗan ɓace kwana kaɗan ya dawo da bankin ya tabbatar, ke kuma ki zama mai shaidar zur a rubuce. Akwai ma na uku, wanda ya fi muni: zai ce ki ba shi lambar shaidarki da hoton katinki da lambar sirrin da za a turo wa wayarki, ki farka da sabon bashin da ba ki san hawa ba ba ki san sauka ba. Irin wannan sana'a ta yi ƙamari a Amurka har aka yi doka a 1996 da ta hana masu gyaran rahoto karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Kuɗin da za ki ba shi, ki kai su banki su zama biyanki na farko.

Bayan an tsayar da bashin motar, sauran aikin ba shi da armashi, maimaici ne kawai. Ki sa a riƙa cire biyan kai tsaye daga asusunki kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashi, don kar mantuwa ta shiga. In kina da katin bashi, kar ki rufe shi don fushi, musamman in ya daɗe, tunda daɗewa ma tana da maki. Ki dai riƙa amfani da kaɗan daga iyakar da aka ba ki. Masana suna yawan ba da shawarar kar a wuce kashi 30 cikin 100, wato in iyakarki 100 ce kar abin da ake binki ya haura 30, in ya yi ƙasa da haka ma ya fi. Kar kuma ki ci sabon bashi wai don ki gina maki. Biyan motar da kike yi duk wata shi kansa gini ne. Wasu ƙasashen suna ba da dama ki ƙara ɗan bayani a rahotonki, a Birtaniya har kalma 200, inda za ki faɗi abin da ya jawo makarar. Kwamfuta ba ta karanta shi, amma rancen gida sau da yawa mutum ne ke duba fayil ɗin, shi zai gani.

Wata biyu bayan kin shigar da ƙorafin waya, ki sake karɓar rahoton ki tabbatar an gyara, a kowane kamfani. Ki kuma duba ko bashin motar ya fara nuna sabon tsarin. In kun tashi komawa neman rancen gida, kafin ku cika fom ki nemi zama da ma'aikacin, ki ajiye masa takardar kammala biyan waya, da yarjejeniyar sake tsarin motar, da bayanan asusunki na watannin da kika biya ba fashi, ki tambaye shi kai tsaye wata nawa masu tsabta suke so su gani kafin su duba buƙatarku. Amsar da ya ba ki, ki rubuta ta a bayan shafin nan mai jan launi, ku lissafa watannin ke da maigida.

Ki rubuto mini bayan kun yi maganar. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ƙanenki abin biya.

Antinki